Dabinon Ɗakin Sista Agatha

Duk wanda ya san Magaji a Zugu ya san mutum ne da ba ya iya kwana da alherin wani a kansa. Ka ba shi goro da safe, kafin la'asar ka ga an aiko maka da ƙwaryar gyaɗa, in ka je godiya ma ya ɓata rai, wai ai kai ka fara. To irin wannan mutum ne Allah ya jarraba da alherin da ba shi da abin mayarwa, kuma a hannun mace, baƙuwa, wadda ba su haɗa gari ba, ba su haɗa addini ba.

Ga yadda abin ya faru. Shekarar da 'yan bindiga suka hana mutanen Zugu sakat, har suka shiga gari suka ƙone rumbuna, Magaji da matarsa Sahura sun fito ne da abin da ke jikinsu. Shi malafarsa ta noma kaɗai ya tsira da ita, ita ma don tana kansa ne lokacin da aka fara harbi. Sahura kuwa kututturen kara ya soke ta a tafin ƙafa wajen gudu, kafin su samu mai babur ya kawo su Gummi ƙafar ta yi suntum. A asibiti suka haɗu da Sista Agatha, ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe tana aiki a ƙasar Zamfara. Ita ke wanke ciwon kullum. Rannan ta tambayi Sahura me ya sa bandeji ke dawowa duk ƙasa, Sahura ta ce ai barandar makaranta suke kwana. Da Agatha ta tashi aiki sai ta je da kanta ta kwaso su, ta buɗe musu ɗakin da ke kusa da zauren gidan da take haya.

Tun daga ranar Magaji ya rasa sukuni. Ya yi dako a kasuwa ya sayo mata zabuwa, ta dafa ta aiko musu da tukunyar gaba ɗaya, wai ita ba ta cin nama da yamma. Ya saƙa mata tabarmar kaba, ta yaba, ta juya ta ta sake yabawa, sannan ta shimfiɗa musu ita a ɗakinsu. Komai ya miƙa sai ya dawo masa ta wata ƙofar.

"Baba, ka bari sai ka koma gonarka," haka take cewa kullum. "Ranar zan zo da buhu."

Shi kuwa ya san gonar nan ciyawa ta cinye ta, kuma babu mai ranar komawa. Sai ya yi murmushi ya ce Allah ya saka, ya koma zaure yana juya malafa a hannu, abin yana cinsa a rai.

A falon Agatha akwai wata shuka. Magaji ya fara ganinta ne ranar da aka kira shi ya gyara sakatar ƙofa. Tana kusurwa, kusa da taga, bayan labule mai shara-shara, cikin wani ƙaton bokitin roba. Sanduna ne sirara masu ruwan ɗorawa, masu gaɓa-gaɓa kamar gora, da yawa daga gindi ɗaya, ga ganye irin na dabino sak, sai dai mai laushi, babu ƙaya, ya yi sama har yana shafar silin. Magaji ya ajiye guduma ya tsaya yana kallo.

"Sista, wanga dabino mi yay yi miki kinka ɗaure shi ɗaka?"

Agatha ta yi dariya. "Ba dabino ba ne, Baba. Ɗan'uwansa ne dai. Areka ake ce masa, a ɗaki ake ajiye shi."

"Shina ɗiya?"

"Ba ya yi."

"Ana cin ganyenai? Ko magani aka yi da shi?"

"Ko ɗaya."

"To mi na amfaninai?"

"Kallo, Baba."

Magaji ya girgiza kai. Shi dai a duniyarsa ya san giginya, ya san goriba, ya san dabino, kuma bai taɓa ganin ɗayansu ya nemi inuwa ba. A tsakiyar rana suke tsayuwa, su ne ma ke ba wasu inuwar. Ya dubi siraran sandunan nan, ya yanke hukunci a zuciyarsa cewa yunwa ce da rashin rana suka tsuke su haka, tausayi ya kama shi.

Daga baya Sahura ta ba shi labarin shukar, don mata ba sa zama wuri ɗaya ba su san cikin juna ba. Mijin Agatha ne, marigayi Yohanna, malamin makaranta, ya kawo mata ita daga Jos tana 'yar ƙarama. Lokacin Agatha tana aiki a Anka, shekarun da gubar dalma ke kashe yara a Abare da ƙauyukan kewaye. Kullum takan dawo gida ta kasa cin abinci. Shi ne ya ce bari a samu abu ɗaya a gidan nan da za ta yi jinyarsa ya yi ta girma. Yohanna ya rasu, shukar ta rage. Ta bi Agatha daga Anka zuwa Bukkuyum, daga Bukkuyum zuwa Gummi, duk inda aka yi mata canjin aiki.

Farkon bazara aka bugo wa Agatha waya cewa mahaifiyarta ba lafiya, jiki ya yi tsanani. Ta ɗauki hutu, ta haɗa jaka a gaggauce. Tana shirin fita ta kira Magaji, ta damƙa masa mabuɗin falo.

"Baba, ga amana. Ban damu da kujeru ba, ban damu da talabijin ba. Wannan kawai." Ta nuna kusurwa. "Ka sa yatsa cikin ƙasar, in ka ji ta bushe ka ba shi ruwa kaɗan. In da danshi ka ƙyale shi. Kada a fitar da shi waje, ba ya son rana."

Magaji ya karɓi mabuɗi hannu biyu. Daɗi ya cika shi, don yau ce rana ta farko da matar nan ta nemi wani babban abu a wurinsa, kuma abin da ta nema shuka ce, aikin da ya tashi a cikinsa. Sai dai bayanin da ta yi ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu. A ganinsa Sista ta san allura, ta san ciwo, amma icce ai sai manomi.

Ya yi kwanaki yana shiga falo yana zagaya bokitin, hannu a baya, kamar mai taya saniya. Abin da yake ƙullawa shi ne, kafin Sista ta dawo, ya mai da wannan wahalallen dabino icce na gaske, mai kauri, wanda za ta shigo gida ta gani ta riƙe baki. Ga hanyar biyan alheri Allah ya kawo har gida.

Ya je wurin abokinsa Modibbo, wani dattijon Bafillace da aka kore wa shanu kakaf, yanzu yake kiwon na wani ɗan kasuwa a bayan gari. A ƙofar masallaci suka saba, kowa na jin ciwon ɗan'uwansa ba sai an faɗa ba. Modibbo ya cika masa buhu da kashin shanu sabo, mai zafi. Magaji ya dawo ya zaɓi tsakiyar tsakar gida, inda rana ke sauka tun hantsi har la'asar, ya haƙa rami irin na dashen mangwaro.

Sahura tana bakin murhu tana kallonsa. "Malam, ba haka tac ce ba."

"Ke dai yi tuwonki."

"Cewa tay yi kada a hid da shi waje. Da kunnena nij ji."

"Sahura, tun ba a haihi Sista ba nika dashe. Icce na, ba jinjiri ba. Ke taɓa ganin dabinon da rana tak kashe?"

"Ban taɓa ganin dabinon da ka kwana bayan labule ba dai."

Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ya jawo bokitin da ƙyar, ya tsarge robar da wuƙa, ya sa shukar a rami, ya bi ta da taki har da ƙarin kashin kaji, ya yi mata kewaye ya cika da ruwa. Ranar ya ci tuwo da yawa. Da yamma ya ɗauko tabarma ya zauna yana kallon ganyen na kaɗawa a iska, ya ji kamar an mayar masa da wani yanki na gonarsa.

Kwanakin farko ba laifi. Daga nan koren ya fara kwashewa, ganye ya yi fari-fari ta gefen da rana ke bugu. Magaji ya ce baƙunta ce, za ta wuce. Bakin ganyen ya koma ja, ya fara nannaɗewa. Ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa safe da yamma. Sandunan suka fara yin baƙi daga ƙasa. Ya ce to yunwa ce, ya koma wurin Modibbo ya ƙaro taki. Ranar bazarar Gummi kuwa ba ta san amana ba, dukanta kawai take yi. Wata safiya ya kama ganye ɗaya ya murza, ya ji ya ruguje a hannunsa kamar busasshen ganyen masara.

Kamar an aiko, a ranar wayar Sahura ta yi ƙara. Sista ce. Bayan an gaisa, an tambayi mai jiki, ta ce a ba Baba. Magaji ya karɓi wayar.

"Baba, ya gida? Ya mutumina na kusurwa?"

Magaji bai iya ƙarya ba, kuma gaskiyar ta ƙi fitowa. Ga matar nan tana zaune gaban uwa marar lafiya, muryarta duk gajiya.

"Shina hannun Allah, ɗiyata. Ke dai ji da Inna."

"To madalla. Na san yana hannu mai kyau."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙa wa Sahura wayar, ya fita ba tare da ya san inda za shi ba, ƙafa ta kai shi bayan gari wurin Modibbo. Ya zauna a gindin wata bishiyar bedi ya kwashe komai ya faɗa masa. Modibbo ya saurara yana tsokalar ƙasa da sanda.

"Magaji, na ji an ce Sakkwato akwai masu sai da irin wagga hulawa bakin titi. A yi wa direba magana ya taho da wata mai kama da ita. A sa ta bokiti, a mai da kusurwa. Wa za ya gane? Ganye dut ganye na."

Magaji ya ɗago. "Modibbo, in anka kawo maka wata saniya mai kama da taka wadda anka kore, ka amsa ka ce ita ta?"

Modibbo ya ce, "Ko cikin duhu ina gane tawa."

"To mijinta yak kawo mata shi. Ni nik kashe shi da hannuna, ba ni ƙara mata da yaudara bisa."

Ya dawo gida ya tarar Sahura na tankaɗe. Ya tsaya a kanta, abin da bai saba ba, ya ce, "Ke yi gaskiya, ni nib ɓata." Ya jira ta yi masa gori, don ta cancanta, kuma Sahura ba ta rasa baki ba. Amma sai ta karkaɗe hannu ta tashi, tana ɗan ɗingishin da ciwon nan ya bar mata, ta ce ya biyo ta. A gindin shukar, ta gefen bango, akwai wani tsohon kwando a kife. Magaji ya sha ganinsa, ya ɗauka ajiya ce irin ta mata. Ta ɗaga shi.

A ƙarƙashi wasu 'yan ƙananan tsirrai ne da suka fito daga gindin uwar, ba su fi tsawon tafin hannu da kaɗan ba. Sun yi laushi, amma kore ne.

"Tun ranar da kad dasa shi nik kihe musu," in ji ta. "Na ga ba ka jin magana, nac ce bari in ɓoye ɗiyan ko Allah ya sa a samu na nunawa."

Magaji ya durƙusa a wurin. Ya dubi tsirran, ya dubi matar da suka tsufa tare, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah shi yi miki albarka, Sahura." Ta ce amin, ta ƙara da cewa in ya gama kukan ya ɗauko fartanya kafin rana ta ɗago.

Da ya tone gindin, wari ya buge shi. Takin ya dafa saiwar, ruwan ya ruɓar da sauran. Uwar dai ta tafi, babu batun ceto. Ya sa wuƙa a hankali ya raba 'ya'yan da ita, kowanne da 'yar saiwarsa, ya wanke su tas. Ya je bakin gulbi ya ɗebo yashi, ya haɗa da baƙar ƙasar gindin tsamiya, ya samo tsofaffin tukwanen ƙasa ya huda musu gindi. Ya dasa, ya kwashe su ya mai da su falo, kusurwar nan, bayan labulen da ya raina. Sandunan uwar kuma bai yar ba. Ya ɗaure su da igiya ya jingine a ɗakinsu, don amana ko ta mutu mai ita ake nuna wa gawarta.

Daga nan ya shiga aikin da ya fi kowane aiki ba shi wuya tun da ya fara riƙe fartanya, wato ƙyalewa. Mutumin da ya saba in shuka ta yi yaushi ya yi mata wani abu, yanzu sai ya sa yatsa a ƙasa, ya ji danshi, ya mayar da buta inda ya ɗauko ta. Wani lokaci ya fita ya dawo ya sake sa yatsan, ko ƙasar ta canza shawara. Sahura ta ce in bai yi hankali ba yatsan ne zai fara tsiro.

Wasu daga cikin 'ya'yan suka bi uwarsu, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya mutu Magaji sai ya kasa cin abincin kirki. Biyu suka rage, su ba su mutu ba, su ba su motsa ba, suna tsaye cikin tukwane kamar masu fushi da shi. Ya yi musu addu'a bayan salla, yana jin kunyar roƙon Allah a kan abin da ba a ci, amma yana yi.

Sai da aka yi ruwan farko, gari ya yi sanyi, ƙasa ta yi ƙamshi. Irin wannan safiya a Zugu da tuni yana gona da iri a ƙwarya, kuma tunanin haka ya sa ya tashi da nauyin zuciya. Ya buɗe falo, ya ja labule. A tsakiyar ɗaya daga cikin tsirran wani abu ya fito, siriri, miƙaƙƙe kamar tsinke, kore shar. Ya duba ɗayan, shi ma ga ɗan kansa ya leƙo.

"Sahura! Sahura, taho ki gani!"

Ta shigo da gudunta na ɗingishi, ta ɗauka maciji ne. Ta tarar da dattijo durƙushe gaban tukwane yana ta alhamdu lillahi. Magaji ya sha cika rumbu har ya rasa inda zai zuba saura, amma bai tuna ranar da amfanin gona ya sa shi murna irin ta wannan ɗan tsinken ba.

Murnar ba ta hana fargaba ba. Abin da aka ba shi ya kai silin, abin da zai mayar bai kai gwiwa ba.

Damina ta kankama sannan Agatha ta dawo. Ta rame, ta yi duhu. Sahura ta tare ta a zaure, aka rungumi juna, aka tambayi Inna, ta ce da sauƙi amma ɓarin jiki ya shanye. Magaji ya gaishe ta kansa a ƙasa, ya miƙa mabuɗi. Ta buɗe falo ta shiga, ya ji takunta ya tsaya cak.

Ya je ɗaki ya ɗauko damin busassun sandunan, ya yi sallama, ya ajiye a gabanta, ya durƙusa. Tsoho ne da a haife ya haife ta, amma ya durƙusa.

"Sista, ga amanarki. Kin ce kada a hid da shi, nih hid da shi. Kin ce ruwa kaɗan, nic cika shi. Nis sa mai taki mai zahi. Ba ɓarawo ba na, ba akuya ba ta, ni na. So niy yi in girmar miki da shi ki ji daɗi, don ban da abin da zan ba ki. Waɗanga biyu ɗiyanai na, su ma Sahura tat tsirar da su, ba ni ba."

Agatha ta zauna a hannun kujera, ta jawo damin, ta riƙa shafa sandunan ɗaya bayan ɗaya. A jikin mafi kauri akwai wani ɗan tsohon zare ja da aka ɗaura tun tuni, ta tsaya a kansa da yatsa. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Magaji ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Yohanna ne ya ɗaura wannan," in ji ta a hankali. "Wai don mu ga ko yana girma."

Ta kwance zaren ta sa a jakarta. Sannan ta ce, "Tashi, Baba, don Allah. Ba na son ganinka a ƙasa."

Ya tashi ya rakuɓe jikin bango.

"Ban ce ka yi daidai ba," in ji ta. "Ka ƙi jin magana, kuma ya yi mini ciwo."

"Gaskiya ta."

"Amma bari in gaya maka abin da na zo da shi. Ba zama na dawo yi ba. Mama ba mai kula da ita, na nemi canji zuwa gida, an ba ni. Kayana na zo kwashewa. Kujeru da gado zan bar su, ƙaramar mota zan shiga, daga nan Gusau, daga Gusau Zariya, a sake wata. Tun da na taso nake tunanin shukar nan. Lokacin da na kawo ta daga Bukkuyum ma sai da aka samu babbar mota, kuma ta ƙara tsawo tun daga lokacin. Babu direban da zai ɗaukar mini ita. Na riga na haƙura zan bar ta a Gummi, na yi kukana tun a hanya."

Ta sunkuya ta ɗauki tukunya ɗaya, ta ɗora a cinya. Ta zauna daram, ganyen bai kai haɓarta ba. Ta dube shi, ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

"Kamar haka yake ranar da ya kawo mini shi. Wannan kam zai shiga mota."

Sahura ta ce, "Ikon Allah," tana share ido da bakin zane.

Agatha ta tura ɗaya tukunyar da ƙafa zuwa gabansa. "Wannan naka ne."

"A'a, Sista. Ni da nik kashe uwar?"

"Shi ya sa. Yanzu duk Gummi ba wanda ya san abin da ba ya so kamarka." Ta ƙara da cewa ta yi magana da mai gidan, za su ci gaba da zama a ɗakinsu, falon ma su riƙa buɗewa saboda mai kusurwa.

Wani alherin ke nan a kan na da. Magaji ya yi godiya har muryarsa ta dushe, kuma har cikin ransa yake yi, amma ya koma zaure da tsohon nauyinsa, har ya fi na da. Matar nan za ta tafi, mai yiwuwa ba za su sake ganawa ba, kuma ko tsinke ba ta taɓa karɓa daga hannunsa ba.

Ranar tafiya ya ɗaukar mata jaka zuwa tasha. Motar ba ta cika da wuri ba, sai da hantsi ya ɗaga sosai. Agatha ta samu gefen taga a baya, tukunya a cinya. Aka yi sallama, aka yafi juna, direba ya tayar da mota ya juya ta ta fuskanci hanyar Anka. Juyawar nan da ya yi sai rana ta faɗo ta tagar, ta sauka kai tsaye a kan ɗan ganyen.

"Direba! Tsaya! Tsaya, don Allah!"

Mutanen tasha suka juyo suna kallon tsoho na bin mota da gudu, riga na tashi. Direba ya taka birki yana mita, ya ɗauka wani kaya aka manta. Magaji ya iso tagar yana haki. Ya cire malafarsa, wadda ya fito da ita daga Zugu, wadda gumin shekaru ya mai da bakinta baƙi, ya zura ta tagar.

"Rana, Sista. Gabas za ku, tana bugunai har ku kai Gusau. Ki kare mai da wagga."

Agatha ta dubi malafar. Ta san ita ce kaɗai abin da ya rage masa na gida. Ya ga bakinta ya motsa za ta faɗi abin da ta saba faɗa. Sai ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta jingina ta tsakanin taga da tukunya, inuwa ta rufe ganyen.

"Na gode, Baba."

Mota ta tashi. Ya tsaya har ta ɓace, sannan ya kamo hanyar gida da 'yar hula a ka, rana na dukan ƙeyarsa, yana gaida duk wanda ya gamu da shi, har waɗanda bai sani ba. Sahura na tsakar gida tana shanya, ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ina malahwarka?"

"Ta amsa, Sahura," in ji shi, yana dariya kamar yaro. "Na ba ta, kuma ta amsa."

Ya wuce falo, ya ja labule kaɗan, ya sa yatsa a cikin tukunya. Da sauran danshi, sai ya ƙyale shi.